Tun Ran Gini Ran Zane: Ɗakin Karatu Muke So ko Tanderu?

A wata makarantar sakandare da na taɓa koyarwa akwai wani ɗaki da aka rubuta wa «Bibliothèque» da shuɗin fenti a goshin ƙofa. Ginin bulo ne na siminti, da rufin kwano ba silin, da taga guda ta ƙarfe tana kallon yamma. Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwa, babu mahaluƙin da ke iya zama cikinsa bayan ƙarfe 11 na safe. Malamin da aka danƙa wa makulli yakan jawo kujerarsa gindin dogon yaro, ɗalibai kuwa su leƙa su juya. Wata rana na ɗauko Magana Jari Ce daga kan kanta domin in karanta wa ƴan aji, sai shafuka suka zubo mini a hannu kamar ganyen da ya bushe, domin zafi ya kashe gam ɗin da ke riƙe da su. Da shekara ta ƙare, aka rubuta a rahoto cewa yaran yanzu ba su son karatu. Na sa hannu a wannan rahoto, kuma har yau ina jin kunyar abin, domin ƙazafi muka yi wa yara. Ɗakin ne ya kore su.

Na tuno da wannan ne saboda duk inda malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu suka zauna maganar ɗakin karatu na jama'a a Dungas ko Magarya, hirar ba ta wuce abu biyu: wa zai ba da kuɗi, kuma wa zai aiko da littattafai. Ba a cika jin mai tambayar irin ginin da za a zuba littattafan a ciki ba. In kuwa wani ya yi ƙarfin hali ya ambaci ginin ƙasa, nan da nan za a harare shi, a ce ai wannan ginin talaka ne, mu ma muna son irin na birni, in zafi ya yi yawa a sa kilim. Da wannan ra'ayi nake jayayya a yau, kuma ba zan sassauta ba, domin abin da ke kan faifai ya wuce ado da burga. Tun 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 350,000 a cikinta, mafi yawansu yara da matasa. Kuɗin gina wa irin wannan taro ɗakin karatu ba kullum suke samuwa ba. In aka gina tanderu da su, za a yi shekara talatin ana zaune da tanderu.

Bari mu fara da abin da kowane malamin kimiyya ke koya wa ƴan aji. Kwano siriri ne, ba ya riƙe zafi, ba ya kuma tare shi. Da rana ta buge shi sai ya ɗauka, nan take ya sauke wa na ƙasa a ka, kamar yadda murfin tukunya ke yi. Bulon siminti mai rami, wanda kaurinsa bai wuce santimita 15 ko 20 ba, shi ma ba ya daɗewa zafi ya ratsa shi. Bangon ƙasa mai kaurin rabin mita kuwa a hankali yake shan zafin rana, sai ya yi awowi da dama kafin ya kai shi ciki. Kafin nan rana ta faɗi, iskar dare ta zo ta kwashe. Wannan ne dalilin da ya sa zauren kakanninmu ke da sanyi da azahar, ya kuma yi ɗumi da asubahin hunturu. Duk wanda ya taɓa shiga soron fadar Sarkin Damagaram cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin waje ya haura digiri 40, ba ya bukatar in yi masa dogon bayani. Gani ya kori ji.

Ku lura kuma da lokacin da wannan zafi ke zuwa. Afrilu da Mayu su ne watannin da ɗaliban da za su zauna jarrabawar BEPC da ta bakaloriya suka fi bukatar wuri mai natsuwa domin bita. Yaron da gidansu ba tebur, ba fitila, ga ƙanne na kuka, ga awaki na shiga da fita, shi aka gina wa ɗakin karatu tun farko. Ginin da ke korar sa a daidai waɗannan watanni ya ci amanar dalilin gina shi. Littattafan ma ba su tsira ba, domin zafi na gaggauta tsufan takarda, ta yi ja, ta riƙa karyewa, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta tagar da ba ta rufuwa da kyau ta ƙarasa aikin.

To, sai a ce a sa kilim. Mu yi lissafi, tun da alƙalami na hannunmu. Ƙwan fitila na zamani, irin wanda ake kira LED, mai cin wat 10, yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Guda 10 na awa 4 kowane dare sun ci 400. Fanka 4 masu wat 60, na awa 6, sun ci 1,440. Kwamfuta 2 masu wat 50, na awa 6, sun ci 600. Jimla 2,440, wato kusan kilowat 2 da rabi a lissafin takardar wuta. Farantin sola biyu ko uku masu wat 400 da batir mai kyau sun ɗauke wannan nauyi a ƙarƙashin ranar ƙasarmu. Kilim guda ɗaya mai wat 1,200 kuwa, in ya yi awa 6, ya ci 7,200, kusan ninki uku na dukan abin da muka lissafa, kuma guda ɗaya ba zai sanyaya babban zaure mai rufin kwano ba. Wa zai biya? Ma'aikatar magajin gari da ke fama da gyaran rijiya da sayen alli? Ƙarshen abin mun san shi: wata uku na farko a sha sanyi, a wata na huɗu takardar NIGELEC ta zo, a kashe na'ura, ta zama gidan ƙadangaru. A lokacin ɗakin ya fi da muni, domin an riga an toshe tagoginsa saboda kilim.

Wannan ma in akwai wutar ke nan. A duk faɗin Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gida, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Shekaru da yawa kafin 2023 ƙasar nan ta kasance tana sayen kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya, kuma yankinmu na Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina zuwa Gazawa yake samun nasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka yanke wannan wuta a farkon watan Agusta, ba a maido da ita ba sai bayan ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Wanda ya zauna cikin wannan duhu ya kamata ya koyi darasi. Ginin da ba ya zaunuwa sai da wutar da makunninta ke hannun wani, aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Abin takaici shi ne ba mu rasa malamai ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da yawancin duniya ke ɗaukar maganar a matsayin wasan yara. Malami ne kamarmu, shi ne ya wallafa L'éducation en Afrique a 1964. Ya rasu a 1991. Yau farantin sola yana kan rumfar mai cajin waya a kowace kasuwar ƙauye, daga nan har Maigatari, amma sau nawa muka gan shi cikin tsarin ɗakin karatu tun daga ranar zanen farko?

Haka nan a fannin gini. A garin Yama, cikin jahar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. A 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. Shi wannan Falke shi ne ya gina tsohon masallacin Dandaji. Da masallacin ya tsufa, jama'ar garin suka so sabo, sai masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka ba da shawarar kada a rushe tsohon, a gyara shi a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi. Aka kira maginan da suka san tsohon ginin suka shiga aikin. Aka yi sabon da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka tsara hanyoyin iska yadda ba a bukatar na'urar sanyi, aka yi tafki a ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwan damina da shayar da itatuwa. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma, kuma ya ci kyaututtukan ƙasa da ƙasa. Ɗakin karatu ne na ƙasa, a ƙauyen Hausawa, a cikin ƙasarmu, ɗaliban zanen gini na Turai da Amurka suna nazarinsa a jami'o'insu. Mu kuwa muna nan muna cewa ginin talaka.

Maƙwabtanmu ma sun nuna hanya. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya yi mata silin na ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, ya bar fili tsakani domin iska ta ratsa ta kwashe zafi. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Na kawo wannan misali ne domin kada a ce ina gaba da kwano. Kwano yana da amfani in an ba shi matsayinsa na laima, yana kare ginin ƙasa daga ruwa da rana. Laifin ya zo ne daga mai da shi hula a ɗora kai tsaye a kan mai karatu.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, domin suna da hujjojin da ba na raina su. Hujja ta farko ita ce ruwa. Za su tuna mini cewa a watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma a Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata. Gaskiya ne, kuma abin baƙin ciki ne. Damina ta canza hali, yankin Magarya da Dungas kuma yana daga cikin wuraren da suka fi samun ruwa a jahar nan. Amma mu yi adalci: waɗannan gine-gine sun yi shekara fiye da 150 a tsaye kafin su faɗi. Ajujuwan siminti nawa muka gani sun tsage kafin su cika shekara 15, kwanonsu kuma iskar farkon damina ta yaye? Ruwa ta wuri biyu yake cin ginin ƙasa, ta gindi da ta ka. Maganinsa sananne ne: harsashi na dutse ko kankare da zai ɗaga bango sama da inda ruwa ke kwanciya, rufi mai faɗin baki, indararo mai tsawo da ke zubar da ruwa nesa da bango, da ƙarin kariya ga bangon gabas, domin daga can hadari ke tasowa. Siminti kaɗan a gindi da cikin bulo ya fi siminti mai yawa a ko'ina.

Hujja ta biyu ita ce gara, babbar abokiyar gabar takarda. Wannan ma gaskiya ce. Sai dai a ɗakin da na ba ku labari, na siminti ne, gara ta bi tsagar daɓe ta cinye kwali biyu na littattafai. Abin da ke hana ta shi ne kanta ta ƙarfe mai ƙafafu, wadda ba ta jingina da bango ba, da daɓe mai kyau, da idon mai kula da ke dubawa kowane mako. Hujja ta uku ita ce itace: azara ta yi tsada, giginya ta yi ƙaranci, sare ta kuma laifi ne. Daidai. Amma tun 1980, a Cikal ta yankin Filinge, aka fara koya wa maginan Nijar hanyar rufa ɗaki da bulon ƙasa zalla, a yi baka da ƙubba ba tare da ko sanda ɗaya ba, kuma an horar da magina da yawa a kan haka. Kada kuma wani ya ce ina kiran a koma rumfar zana. Ba mu manta da yaran da gobara ta ci a ajujuwan zana a Yamai cikin Afrilun 2021 da Maraɗi cikin Nuwamban shekarar ba. Ƙasa ba ta cin wuta.

Akwai hujja ta huɗu wadda ba a faɗa a fili. Siminti da ƙarfe da kwano sayen su ake yi da buhu da tan da bandir, ana kawo su daga nesa, lissafinsu kuma yana da ɗakuna da yawa da kuɗi ke iya ɓuya a ciki. Ƙasa kuwa tana bayan gari, kuɗinta na tafiya ne ga mai haƙa, da mai amalanke, da mai kwaɓa, da magini, duk ƴan gari. Ban ambaci sunan kowa ba. Na dai ce idan kuka ga mutum ya tsani ginin ƙasa fiye da kima, ku tambayi kanku wace riba yake gudun rasawa.

Ni malamin harshe ne, don haka akwai wata asara da ta fi ci mini rai. Na taɓa rubuta wa ɗalibaina kalmomi shida a allo: tubali, makuba, laso, katsi, ɗaurin guga, zanko. Kaɗan ne suka san uku. Ba su san cewa makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a shafe bango da ita ya ƙi shan ruwa ba. Ba su san cewa katsi daga gindin karofin marina yake fitowa, a haɗa laso da shi ba. Waɗannan kalmomi ilimin kimiyya ne da aka adana cikin harshe. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Madalla. Amma ina amfanin ɗaukaka harshe a takarda, alhali muna binne ilimin da ke cikinsa a ƙarƙashin kankare? Ɗakin karatun da maginan gari suka gina, ɗalibai suna kallo suna tambaya suna rubutawa, shi kansa littafi ne na farko a kan kanta.

Ga kuma gawo. Duniya ta san manoman Magarya da Matamai da Mirya saboda yadda suka mai da gonakinsu kurmi tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tsiron itatuwa su girma a maimakon sassabe su. Masu bincike daga ƙasashen waje suna zuwa ganin wannan aiki. Gawo itace ne mai abin mamaki, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, wato yana ba da inuwa a daidai lokacin da ake nemanta. Abin kunya ne a ce a ƙasar gawo a gina ɗakin karatu a tsakiyar fili fetal, a share duk itacen da ke wurin domin a ga fenti daga bakin hanya. A zaɓi fili mai itatuwa tun farko, a ƙara dogon yaro ta gabas da yamma, nesa kaɗan da harsashi saboda saiwa. Inuwar nan ita ce zaure na biyu, inda za a yi karatun manya da tatsuniya da wasan kwaikwayo.

Saboda haka, ya ku malamai ƴan uwana, da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, ga abin da nake roƙo. Ranar da aka kira ku taron ɗakin karatu, ko a Dungas, ko a Guci, ko a Waca, kada ku tsaya ga tafi da godiya. Ku ce a nuna muku zane. Ku tambaya ina dogayen bangaye suka fuskanta. Amsar da ta dace ita ce kudu da arewa, domin ranar safe da ta yamma su bugi gajerun bangaye. Ku tambaya ko tagogi suna kallon juna yadda iska za ta ratsa, ko akwai ƙananan kafofi can sama da iska mai zafi za ta fita, ko akwai baranda da ke yi wa bango inuwa. Ku tambaya me ke tsakanin kwano da kan yaro. Ku tambaya ko mutum zai iya karanta ƙaramin rubutu da rana ba tare da kunna fitila ba. Ku tambaya nawa ne kuɗin wuta a wata, kuma daga wane aljihu. Ku tambaya wa zai goge ƙura daga farantin sola da hunturu, wa zai sauya batir idan ya mutu bayan ƴan shekaru, kuma ko an rubuta wannan a kasafin ƙaramar hukuma. In ginin ya riga ya tsaya, ba a makara ba: silin mai kauri, farin fenti a kan kwano, rumfa a gaban tagar yamma, da itatuwa, duk suna rage zafi da kuɗi kaɗan.

Mu ma akwai namu nauyin. Ginin ƙasa yana son yaɓe da duba indararo kafin kowace damina. Kakanninmu da gayya suke yin wannan. Ƙungiyar da ke iya tara jama'a domin daren kiɗa tana iya tara su rana ɗaya a shekara domin yaɓen ɗakin karatu, da tuwo da ganga da komai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗakin da mutane suka shafa da hannunsu kuma ba sa barin sa ya zama kango.

Masu ba da kuɗi za su zo su tafi, masu yanke kintinkiri za su koma ofisoshinsu masu sanyi. Wadda za ta rage ita ce yarinyar aji na ƙarshe da ta taso daga ƙauye da littafinta a kai, ta iso bakin ƙofa da ƙarfe 2 na rana a watan Mayu. Ko za ta shiga ta zauna, ko za ta leƙa ta juya, an riga an yanke wannan hukunci tun ranar da aka ja layin farko a kan takarda. Mu tabbata muna wurin a ranar, da bakinmu a buɗe. Allah ya sa mu dace.